Shin cocin Katolika ta halatta auren jinsi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko marigayi Fafaroma Francis ya halatta auren jinsi. Bai halatta ba. A koyarwar Katolika, aure tsakanin namiji da mace ne kaɗai.

Abin da ya rikita mutane shi ne takardar da fadar Vatican ta fitar a Disamba 2023. Ta yarda limamin coci ya sa wa 'yan jinsi ɗaya da ke zaman tare albarka a taƙaice, amma ban da sigar ɗaurin aure, ban da kayan biki. A 2020 kuma Francis ya goyi bayan gwamnatoci su ba su kariyar doka, wanda a ganina daban yake da halatta aure. Galibin bishop-bishop na Afirka, ta bakin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, sun ce a Janairu 2024 ba za su sa wannan albarkar ba.