Ku Tambayi Ungozoma: Mai Rakiyar Naƙuda, Aikinta Da Iyakarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Landan da iyalina, tana ɗauke da cikin fari wata shida. Mun so mahaifiyarta ta zo zaman jego, biza ba ta samu ba. A wurin aiki an ba ni shawarar mu ɗauki matar da suke kira dula. Ita ce za ta karɓi haihuwar? Tunda asibiti na da ungozomomi, kuɗin ba asara ba ne?
Daga wani magidanci, Ingila

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raba lafiya. Dula ba ta karɓar haihuwa. Ba ta auna bakin mahaifa, ba ta sauraron bugun zuciyar jariri, ba ta ba da magani. A Ingila ma doka ta hana kowa karɓar haihuwa in ba likita ko ungozoma mai rajista ba, sai dai in abu ya zo da gaggawa. Aikinta shi ne wanda surukarka za ta yi da ta zo, amma da horo: ta zauna da mai naƙuda daga farko har ƙarshe, ta danna mata baya, ta ba ta ruwa, ta taimaka mata sauya kwanciya, ta fassara mata abin da ma'aikata ke faɗa cikin maganar da za ta gane. Ungozomar asibiti tana da lokacin tashi, wata ta karɓe ta. Dula ba ta tashi sai an haihu.

Batun asara kuwa, a 2017 cibiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, ta haɗa gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, a kan mata sama da 15,000. Matan da aka zauna da su ba yankewa sun fi haihuwa da kansu, tiyata ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, naƙuda ta gajarta da kimanin minti 40, kuma buƙatar maganin kashe zafi ta ragu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga ɗakin haihuwa da wanda ta zaɓa.

Yawanci ku za ku biya daga aljihunku. Ƙungiyar Doula UK, wadda aka kafa a 2001, tana da jerin membobinta unguwa-unguwa. Yadda aka saba, za ta gana da ku sau ɗaya ko biyu kafin haihuwa, sannan ta zauna cikin shiri dare da rana daga mako na 38 zuwa na 42. Ku tambaye ta wa zai tsaya mata in rashin lafiya ya hana ta zuwa, me kuɗin ya ƙunsa in aka ƙare da tiyata, kuma ko tana da inshora da takardar binciken hali. Asibitin ma ku tambaye su masu rakiya nawa suke bari. Dular da ta ce za ta duba buɗewar mahaifa, ko ta zuga ku ku haihu a gida ba ungozoma, ku sallame ta tun a zaman farko. In kuɗin bai isa a ɗauki dular ɗakin haihuwa da ta zaman jego duka biyu ba, mu dai da mun zaɓi mai zuwa gida bayan haihuwa, wadda ake biya awa-awa. A ɗakin haihuwa kai kana nan. Makonni biyun farko a gida, cikin sanyi, ba uwa ba maƙwabciya, su ne suka fi gajiyar da mai haihuwar fari.

TAMBAYA: Anti, ƙanwata ta dawo gida goyon ciki, watanta ya tsaya, ni aka ce zan raka ta asibiti. Na haihu uku amma ban taɓa zama da mai naƙuda ba. Me zan yi mata, me kuma ba zan yi ba?
Daga yayar mai ciki, Funtuwa

AMSA: 'Yar'uwa, aikinki ya fara tun yau, ba ranar naƙuda ba. Ki bi ta awo na gaba ki tambayi malaman ko suna barin mai rakiya a ciki. Asibitoci da yawa a ƙasar nan ɗaki ɗaya ne da gadaje a jere, shi ya sa suke hanawa, amma wasu kan bar mace guda in an yi magana tun da wuri. Ki san rukunin jininta, ki samo mutum biyu cikin dangi da suka yarda za su ba da jini. Ki ajiye lambar mai mota ko mai Keke biyu da za su ɗaga waya da tsakar dare. Mijinta ya ba da izinin tafiya asibiti tun yanzu, a gaban iyaye, har da izinin tiyata in likita ya ce sai an yi. Mata da yawa sun galabaita ne ana neman miji a waya. Jakar kaya, da katin awo a samanta, ta zauna bakin ƙofa.

Mai haihuwar fari kunya kan sa ta ɓoye ciwo, don haka kada ki jira ta faɗa. Ki lura da ita: tana cikin magana ta yi shiru, ta dafa bango, ta cije leɓe. Ki ɗora tafinki a saman cikin, za ki ji ya ɗaure ya yi tauri, sannan ya saki. Ki duba agogo daga farkon ɗaurewa zuwa farkon ta gaba. In tana zuwa duk minti biyar, kowacce na kai kusan minti ɗaya, aka yi awa guda a haka, ku tafi. In asibitin da nisa ku tafi kafin nan. Akwai kuma abubuwan da ba a duba musu agogo: faya ta fashe, musamman in ruwan kore ne ko yana wari, jini ja yana zuba, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko kumburin fuska, jijjiga, zazzaɓi, motsin ɗa ya ragu.

A asibiti, in aka ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 5, naƙuda ta kankama. Sai ya kai 10 ake nishi. Tsakanin nan, a haihuwar fari, ba kasafai ake wuce awa 12 ba. Duk lokacin da aka duba ta ki tambaya a hankali, "Malama, nawa ya buɗe?" ki riƙe lambar da lokacin. In an jima lambar ba ta motsa ba, ki tambayi mataki na gaba, cikin ladabi, ba da faɗa ba.

Kada ki bar ta kwance rigingine, nauyin cikin yana danne babbar jijiyar jini. Ta yi tafiya, ta durƙusa ta dafa gado, ko ta kwanta gefen hagu da filo tsakanin gwiwoyi. In ciwon ya taso ki sa gindin tafinki a ƙasan bayanta, daidai inda ɗaurin zani ke zama, ki danna da nauyin jikinki har ya lafa. Wata ta fi son a matse mata ƙugu daga gefe biyu, wata ba ta son a taɓa ta ko kaɗan. Ki tambaye ta. Ki ja numfashi tare da ita, ta hanci a hankali, a fitar ta baki. Tsakanin ciwo da ciwo ki ba ta kurɓin ruwa ko shayi, da ɗan dabino in malamai ba su hana ba, ki goge mata fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Ki tuna mata fitsari duk bayan awa biyu, don cikakkiyar mara tana tare wa kan ɗa hanya. Addu'a ki yi mata a kunne. "Ki yi shiru, kada ki ba mu kunya" kuwa, ki hana kowa faɗa mata.

Abubuwan da ba naki ba su ne suka fi kisa. Kada ki danna saman cikin don ɗa ya fito. Kada a ba ta jiƙe-jiƙen saurin naƙuda, kada a sayo allurar naƙuda a kemis a yi mata a gida: mahaifa kan ɗaure fiye da kima har ɗa ya rasa iska, ko ita kanta ta yage. Kada ki sa ta nishi kafin a ce ya buɗe duka, bakin mahaifa zai kumbura. Kada a yi yankan gishiri. Kada rana ta fito ta faɗi tana naƙuda a gida. Kan ɗa in ya daɗe a maƙale yana matse mafitsara da ƙashi har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa, ciwon da ake yi wa mata aikinsa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina.

Da an haihu kowa zai koma kan jariri. Ke ki tsaya kan uwar. Ki roƙa a ɗora mata shi a ƙirji, fata da fata, a rufe su da zani, ya kama nono cikin awar farko. Mabiyiya ta fita cikin minti 30. Ki taɓa ƙasan cibiyarta: mahaifa ta zama dunƙulalliya mai tauri kamar ƙwallon goruba. In kin ji ta yi laushi jini na zuba, ki murza wurin da ƙarfi kina kiran malama da babbar murya. Jinin da ya kai rabin lita ya wuce kima. A ido, audugar mata ta jiƙe sharkaf ƙasa da awa guda, ko guda-guda manya na fita, ko ta ce jiri take ji tana gumi mai sanyi. Kada ku matsa a sallame ku kafin awa 24 don masu barka na jira a gida.

TAMBAYA: Ni ce zan yi wa 'yata wankan jego. Mu da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya aka yi mana, safe da yamma har arba'in, da kunun kanwa, ga mu lafiya. Yanzu ta ce asibiti sun hana. Mene ne gaskiya?
Daga wata kaka, Zariya

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Zaman da kike shirin yi, ki dafa mata, ki riƙe jariri ta yi barci, shi ne abin da wasu ƙasashe ke biyan kuɗi su samu, kada ki fasa. Gyara kaɗan ake nema. Tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka lura masu jego na zuwa da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza, suka danganta abin da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙasa. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki a lokacin da ba ta gama murmurewa ba.

Ki sirka ruwan har gwiwar hannunki ta iya zama a ciki ba ki janye ba. Kada a fyaɗa ganye kan ɗinkin tiyata ko na ƙari. A wanke da ruwa mai tsabta a tsane. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya maye gurbin na kanwa, musamman in an taɓa ce mata jininta ya hau. Nama, hanta, wake, ƙwai da zogale ta ci ta ƙoshi, ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini. In kin ga ba ta iya kwanciya sai an tara filo, tana tari da dare, ƙafafu sun kumbura, ko jinin biƙi ya yi wari da zazzaɓi, asibiti a ranar.

Jikan naki kuma, kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Ba ruwa, ba zuma, ba rubutu, nono zalla har wata shida. Wankan farko a jira awa 24. Cibiya ba a gasa ta da tsingaro, ba a shafa man goge baki ko toka. Man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti kawai, da wankakken hannu. Ko kafin suna a fita da shi in ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, yana numfashi 60 ko fiye a minti, ko idonsa da tafinsa sun yi ɗorawa. Awon bayan haihuwa: kwana na uku, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako shida.

TAMBAYA: Matata ta haihu mako uku ke nan, kullum kuka, ba ta barci ko yaron ya yi barci. A gida an ce iska ce.
Daga wani mai karatu, Maraɗi

AMSA: Malam, kuka da saurin fushi a kwanakin farko abu ne da mata da yawa ke yi, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, da rashin barci da ƙin abinci, alamar ciwon damuwar bayan haihuwa ce, kuma yana da magani, har da wanda mai shayarwa za ta iya sha. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti cikin makon nan, ka shiga tare da ita ka faɗi abin da ka gani. Ka samo 'yar'uwar da take sakewa da ita ta riƙa kwana da yaron, a kawo shi shan nono kawai, ta samu barcin awa huɗu zuwa biyar a jere. Ka tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta ko yaron; tambayar ba ta sa mutum aikatawa. In ta ce e, ko ta fara jin muryoyi ko sambatu, kada a bar ta ita kaɗai da shi ko na minti ɗaya, ku tafi asibiti a daren.