Saiwar sanya da ciwon gwiwa

Malam, kan tambayarka ko za ka dafa saiwar sanya ka sha saboda ciwon gwiwa, ni dai gaskiya ban ba ka shawara ba. Eh tana da amfani, amma kankare saiwar ka shinshina za ka ji ƙamshin man zafi sak, sinadarin nan ɗan'uwan asfirin ne kuma in ya yi yawa guba ne, yana cin ciki har ya taɓa ƙoda. Gara a daka a kwaɓa da man kaɗanya a shafa a wurin kawai. Mai ciki kam kada ta kusance ta sam, haka yara da masu olsa. In gwiwar ta kumbura, don Allah ka je asibiti a duba. Allah ya ƙara sauƙi.