Mai sayar da mota ya hana a gwada ta, ya hana a auna ta: mene ne hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jamus. Na ga wata tsohuwar mota irin wadda ake kwana a ciki, mai gado da wurin girki, ina so in saya. Na nemi in tuƙa ta, in kuma kai ta ma'auni, mai ita ya ƙi. Shari'a ta tilasta masa ya bar ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, motar tasa ce har a ƙulla ciniki, don haka ba a tilasta masa ya miƙa maka makulli. Wataƙila yana da uzuri, kamar tsoron haɗari. Abin da ya wajaba a kansa shi ne bayyana duk aibin da ya sani. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, yatsunsa suka taɓa danshi a ƙasa, sai ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Duba da kyau: da hannunsa ya bincika kayan, bai tsaya ga abin da ido ya gani a sama ba.

Gwaji kuwa ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Malaman Malikiyya sun halatta ciniki da sharaɗin zaɓi, wato a ba mai saye ɗan lokaci ya gwada kaya kafin ya tabbatar da cinikin ko ya fasa. Shaihu Khalil, mai littafin Mukhtasar, ma ya ƙayyade kamar kwana 3 ga dabba, da kamar yini guda idan hawanta za a gwada. Mota a yau ita ce dabbar hawa. Kana iya cewa, “Na saya, da sharaɗin bakanike zai duba ta, a kuma auna ta.” Idan ya yarda, sharaɗin ya hau kansa. Idan ta lalace a lokacin gwajin ba da sakacinka ba, asarar tasa ce, domin ba ta fita daga mallakarsa ba tukuna.

Batun awo shi ne ya fi damuna. A ƙasashen Tarayyar Turai, lasin tuƙi na ƙananan motoci galibi ya tsaya ne a motar da nauyinta, har da kayan da aka yarda ta ɗauka, bai wuce kilo 3,500 ba. Irin wannan mota kuma masu ita kan yi ta ƙara mata kaya bayan ta fito daga kamfani: tankin ruwa, batura, tukunyar gas, akwatunan katako. Sai nauyin da ke takarda ya saɓa da na gaske. Ka zuba iyali da kaya, ka wuce ƙa'ida ba ka sani ba, ga tara, ga birki yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan aibi ne da ido ba ya gani. Idan mai ita ya san ta yi nauyi ya yi shiru, ya ci haram. Idan ya faɗi wani nauyi, ka auna bayan ciniki ka tarar ba haka ba, kana da damar mayar masa ka karɓi kuɗinka.

Shawarata, ka sauƙaƙa masa. Ka ce shi ya tuƙa kana gefe, kuɗin awo kuma kai za ka biya. Idan duk da haka ya ƙi, kada ka zarge shi da ha'inci ba hujja, amma ka riƙe kuɗinka ka nemi wata.

Allah ne mafi sani.