Ƙarin mafi ƙarancin albashi (SMIG) zai sa kayan Kano su ƙara danne namu?

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar sabulu a Zinder, da ma'aikata shida. An ce doka ta wajabta in biya kowa jaka 42 a wata, ga sabulun Kano ya cika kasuwar Dole da araha. Wannan doka ba za ta kashe mu ba?

Amsa: Alhaji, damuwarka tana da tushe. Tun 2012 mafi ƙarancin albashi a Nijar yana tsaye a sefa 30,047, sai daga baya aka ɗaga shi zuwa 42,000. Najeriya ma ta kai nata naira 70,000 a Yulin 2024, amma in ka canza shi zuwa sefa a lokacin bai kai jaka 30 ba. To, a takarda ma'aikacin Kano ya fi naka sauƙi.

Sai dai faɗuwar naira ce ta buɗe wannan tazara. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira an sake ta a Yunin 2023 ta zube. Ko ka rage wa yaranka rabin albashi, gobe naira ta sake faɗuwa, ka koma inda ka fito.

Ɗauki littafin lissafinka ka duba abin da katan ɗaya na sabulu ke ci. Manja da soda daga nesa suke zuwa, da kuɗin mota da na duwan a kansu. Wuta ta ɗauke, ka tada janareta. Bashin banki kuwa sai da jingina mai nauyi. A irin sana'arka waɗannan su ne sukan cinye kaso mafi tsoka, kuma nan ne ya kamata hukuma ta sa hannu in tana son kayan ƙasa su yi gogayya da na waje.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin ma'aikata a Damagaram, daga masu dako zuwa yaran shago, ba su da kwantiragi balle rajistar CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa), don haka dokar ba ta taɓa su. Kai mai rajista ka biya, maƙwabcinka marar takarda ya sayar ƙasa da kai. Ku haɗu da 'yan'uwanka masu masana'antu ku kai wannan kuka ofishin sufeton aiki.

Ma'aikatanka kuma ka biya su. Wanda ya iya haɗa soda da mai daidai gwargwado, in ya tafi, sabulun da sabon hannu zai ɓata maka kafin ya ƙware zai iya fin jaka 12 ɗin da aka ƙara.