Cibiyar jaririna tana ɗigar ruwa mai zarni: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, yau mako uku da haihuwata. Cibiyar yaron ta faɗi, amma kullum wurin a jiƙe yake da wani ruwa mai zarni, in yana kuka ko yunƙuri sai ya ƙaru. Surukata ta ce gashi ne bai ji ba. Daga wata mai jego a Gusau.

Amsa: Barka da sauka 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Ki ba Hajiya haƙuri, wannan ba matsalar gashi ba ce. Tun a mako na uku da shigar ciki, wata 'yar jaka takan tsiro daga jikin ɗan tayi, likitoci na kiranta alantoyis. A jikin ɗan'adam ba ta girma sosai, amma jijiyoyin jinin da ke tare da ita su ne ke zama jijiyoyin igiyar cibiya, ɓangarenta da ke cikin cikin yaro kuma yakan zama siririn bututu daga saman mafitsara zuwa cibiya. Bisa al'ada bututun nan yana toshewa tun kafin haihuwa, ya koma kamar zare. A wasu 'yan tsirarun jarirai, galibi maza, sai ya tsaya a buɗe, fitsari ya riƙa biyowa ta cibiya. Zarnin da kika ambata da ƙaruwar ruwan lokacin kuka su suka sa na fi zargin haka.

Sai dai abin da ya fi yawan jiƙa cibiya bayan ta faɗi wani ɗan jan tsiro ne mai laushi da ke fitowa a gurbinta, shi kuwa maganinsa ba wuya. Ido kaɗai ba ya raba su koyaushe, don haka ki kai shi wurin likitan yara a yi masa hoton ciki na sikanin. In bututun ne, za a duba ko akwai abin da ke tare fitsari a hanyarsa ta ƙasa. Wani lokaci yakan rufe da kansa a watannin farko, in bai rufe ba a cire shi da ƙaramar tiyata.

Kafin nan a ajiye tsumma mai zafi, a daina shafa man goge baki, man shanu ko toka. In bututun ne, cibiyar buɗaɗɗiyar ƙofa ce zuwa mafitsara, duk abin da aka sa mata zai iya shigar da ƙwayoyin cuta. In kika ga zazzaɓi, ko ja da kumburi a kewayen cibiyar, ko ya ƙi kama nono, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Cikina wata biyar. An yi mini sikanin aka ce igiyar cibiyar jaririn jijiya biyu gare ta maimakon uku. Hankalina ya tashi. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki. Igiyar cibiya takan ɗauki jijiyoyi uku: ɗaya babba mai kawo wa jariri jini mai iska da abinci daga mabiyiya, da biyu masu mayar da jinin. A kusan ciki 1 cikin 100, ɗaya daga cikin biyun nan ba ta samuwa, sai wadda ta rage ta ɗauki aikin. In ba a ga wata matsala tare da ita ba, yawancin yaran lafiya lau ake haifarsu. Abin da ya rage shi ne a sake sikanin a natse, a duba zuciya da ƙoda, domin can ne tawaya ta fi rakiyar wannan yanayi, sannan a riƙa auna girman jaririn har ƙarshen ciki. Wannan kaɗai ba ya wajabta tiyata wajen haihuwa, kuma ba wani abu da kika ci ko kika ɗauka ne ya jawo shi ba.

Tambaya: Shekarata 34, ina jin ciwo a ƙasan cibiya, wani lokaci mugunya ta fito. Daga wani magidanci a Kumasi.

Amsa: Malam, sau da yawa dauɗa da gashi ne ke taruwa a cibiya mai zurfi har su yi gyambo. Amma ragowar bututun da na yi bayani a sama na iya zama ƙulli mai ruwa ya kwanta shekaru shiru, sai ranar da ƙwayoyin cuta suka shige shi. Kafso na kanti zai lafar da ciwon ne kawai, ya dawo. Ka je a yi hoto. In kana ganin jini ko wani abu mai yauƙi a fitsari, ka faɗa wa likita tun a zaman farko, domin a manya, ko da yake ba kasafai ba, ciwon daji na iya tasowa a wurin.

Tambaya: Zan tafi aikin Hajji, an ce sai na yi allurar shawara, na kuma ji wai da ƙwai ake yinta. Ni in na ci ƙwai jikina yakan yi borin jini. Daga wani maniyyaci a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, Allah ya sa a yi karɓaɓɓe. Ita jakar alantoyis da na ambata a amsar farko, wadda ba ta da girma a jikinmu, a ƙwan kaza babban aiki gare ta: da ita ɗan tsako ke shaƙar iska ta ɓawo, cikinta kuma yake tara ƙazantarsa tsawon kwana 21 na kwanci. Cikin ruwanta ake rainon ƙwayar cutar da ake haɗa yawancin allurar mura, ta shawara kuwa a jikin ɗan tsakon ake rainonta, tun bayan da masanin kimiyya Max Theiler ya samar da allurar a 1937. Shi ya sa ɗan burbushin ƙwai kan saura a ciki.

Abin dubawa shi ne ƙarfin borin. In ƙaiƙayi ne da 'yan ƙuraje, galibi ana yin allurar a asibiti a sa maka ido na ɗan lokaci. In kuwa ka taɓa kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi ya sarƙe, kada a yi maka sai likita ya tantance, yana iya rubuta maka takardar uzuri. In kuma ka taɓa yinta a baya, ka nemo katinka, domin tun 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta amince allura ɗaya ta isa har iya rayuwa.