Hukuncin Ribar da Ake Yankowa Daga Jikin Kamfani Idan Hukuma Ta Kau da Kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni akanta ne a wani babban kamfani, kuma ina da ɗan hannun jari a cikinsa. Shugabanninmu ba su da wata magana sai ribar da za a nuna a rahoton wata uku. Don lissafi ya yi kyau an dakatar da gyaran injina, an sallami ma'aikata, an rage ingancin kaya, wani lokacin ma a ce mu ɗage rubuta wasu kuɗaɗen da aka kashe sai rahoto na gaba. In mun yi magana sai a ce doka ba ta hana ba, hukumar sa ido ma ba ta ce uffan ba. Mene ne hukuncin wannan? Albashina da ribar hannun jarina halal ne? Kuma gaskiya ne Musulunci ya hana gwamnati sa baki a harkar kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba, ba ta kuma ce sai an daɗe kafin a same ta ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Ribar ninki ke nan a fita ɗaya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta tsaya a kan haka: babu wani kaso da aka ƙayyade wa ɗan kasuwa, muddin cinikin ya kuɓuta daga algus da yaudara da ɓoye kaya. Don haka ba zan ce maka son riba cikin gaggawa haramun ne a kan kansa ba. Abin dubawa shi ne daga ina ribar ta fito, kuma wa zai biya kuɗinta daga baya.

Malaman fiƙihu sun yi wannan magana a babin ƙiradi, inda wani ke ba da dukiya wani ya juya ta. Suka ce riba garkuwa ce ga uwar kuɗi, ba a kiran wani abu riba sai bayan uwar kuɗi ta cika. Mai juya dukiyar ba shi da ikon ya ɗebi kasonsa yau alhali jarin ya ragu, in ya ɗiba kafin a yi lissafin ƙarshe sai asara ta bayyana, za a cike gurbin daga abin da ya ɗiba. Shugaban kamfani a matsayin wakili yake, dukiyar mutane ce a hannunsa, amana ce. Injin da ka ce an daina gyarawa yana cikin uwar kuɗin nan. Wanda ya hana shi gyara na shekara biyu don lissafi ya yi kyau bai samo komai ba, ya yanko daga jikin jarin ne ya rubuta a shafin riba. In kuma garaɓasarsa ta ƙarshen shekara a kan wannan shafin ake lissafa ta, to ya karɓi lada a kan ɓarnar da ya yi wa masu dukiyar. Galibi kafin injin ya tsaya ya riga ya koma wani kamfanin, wanda ya gaje shi ne zai yi bayani.

Amma a nan akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Amintacce ba a ɗora masa biyan asara sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Shugaban da ya duba ya ga kamfani na cikin matsi, ya jinkirta wani gyara da ba na gaggawa ba, ya faɗa wa masu jari gaskiyar abin da ya yi, wannan ijtihadinsa ne, ko da ya kuskure. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda ya san illar, ya ɓoye ta, don amfanin aljihunsa.

Ɗage rubuta kuɗin da aka riga aka kashe kuwa algus ne tsantsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai kayan, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ka lura mutumin bai furta ƙarya ba, shirya kayan kawai ya yi ta yadda ido zai ga busasshe. Kai da kake akanta ka fi ni sanin yadda ake shirya lissafi haka. Bankin Lehman Brothers na Amurka ya riƙa yin wata dabara da suka kira Repo 105. Idan ƙarshen wata uku ya matso sai ya miƙa wasu kadarorinsa ya karɓi kuɗi, ya rubuta cewa sayarwa ya yi, ya rage bashi da kuɗin, rahoto ya fita fes. Bayan 'yan kwanaki sai ya sake ciwo bashi ya karɓo kadarorin. Mai binciken da kotu ta naɗa ya bayyana a 2010 cewa abin da aka kawar daga lissafi ta wannan hanya ya kai kusan dala biliyan 50 a wani zango na 2008. Bankin da aka kafa tun 1850 ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008.

Rage ingancin kaya hukuncinsa ya danganta. In an rage an kuma sanar, mai saye ya saya da saninsa, ciniki ne. In an rage ana sayarwa da suna da siffar na da, tauye mudu ne, kuma Suratul Muɗaffifin ta buɗe da azabar masu yin sa. In ragin ya taɓa lafiyar mutane ko rayukansu, to magana ta wuce babin ciniki ta shiga babin jini. Jirage biyu samfurin 737 MAX na kamfanin Boeing sun faɗi cikin ƙasa da wata biyar, ɗaya a Indunusiya a Oktoban 2018, ɗaya a Habasha a Maris ɗin 2019, mutum 346 suka rasu. Bincike ya nuna an sa wa jirgin wata manhaja mai dunƙufar da hancinsa ƙasa, tana dogaro da na'urar awo guda ɗaya tak, kuma ba a yi wa matuƙa bayaninta ba tun farko. Ana gudun a ce sai an sake horar da su, abin da zai ƙara wa masu sayen jirgin tsada alhali ana tsere da kamfanin Airbus. A shekarun da suka gabaci wannan, kamfanin Boeing ya kashe fiye da dala biliyan 40 wajen sake sayen hannun jarinsa daga hannun masu jari. Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa, kuma malamai sun gina a kai cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani.

Sake sayen hannun jari, tunda ya shigo, asalinsa ciniki ne halal. Amma idan an yi shi don a kumbura farashi shugabanni su sayar da nasu a sama, a fahimtata ya yi kama da najashi da aka hana, wato ƙara wa kaya farashi don a ruɗi mai saye. Sallamar ma'aikata kuma ta halatta idan an cika sharuɗɗan yarjejeniya an biya su haƙƙinsu cif. In an danne, Allah ya ce a hadisin ƙudusi Shi ne abokin shari'ar wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morarsa bai biya shi ba.

Maganar cewa doka ba ta hana ba, ba hujja ba ce a gaban Allah. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ce kuna kawo mini ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja in yanke masa hukunci bisa abin da na ji, to duk wanda na yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta na yanka masa. Idan hukuncin Annabi da kansa bai halatta wa mutum haƙƙin wani ba, ina ga shirun wani jami'in da bai ma buɗe fayil ɗin ba?

Sai tambayarka a kan gwamnati. Masu cewa ba ruwan hukuma da kasuwa suna kafa hujja da hadisin Anas: kaya suka yi tsada a Madina, aka ce ya Manzon Allah ka yanke mana farashi, ya ce Allah ne mai yanke farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana ne a kan tsadar da ta zo da kanta, saboda ƙarancin kaya ko yawan masu nema. Wanda ya ƙi yanke farashin shi ne ya cusa hannu cikin tarin hatsi, shi ne ya hana tare fatake a hanya, ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Daga nan aikin hisba ya samo asali. Ibn Taimiyya ya bayyana cewa yanke farashi akwai na zalunci akwai na adalci, na adalcin shi ne idan masu kaya sun ƙi sayar da abin da mutane ke cikin larurarsa sai da ƙari a kan ƙimarsa. Sa ido a kan awo, da inganci, da gaskiyar lissafi, wajibi ne a kan majiɓincin al'amari, ba alfarma yake yi wa talakawa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar sa ido takan yi rauni ne idan an hana ta kuɗi da ƙwararru, ko an bar wanda ake bincika ya binciki kansa, kamar yadda hukumar jiragen sama ta Amurka ta damƙa wa ma'aikatan Boeing wani ɓangare na tantance jirgin nan, ko kuma jami'i yana hangen kujerar da kamfanin zai ba shi idan ya bar aiki. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, domin ba ya kama da cin hanci a ido. Amma da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya sa bai zauna a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar ba. Alkawarin muƙami ma kyauta ce da kujera ta jawo. Ban kuma ce a cika kasuwa da takardu da tara ba, jami'in da ya mai da doka hanyar tatsar 'yan kasuwa shi ma azzalumi ne.

Abin da ke biyo bayan sakacin an gan shi. A Oktoban 2008 majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, shekara guda bayan nan rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ƙa'idar Shari'a ita ce mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa, don haka tsarin da zai bar riba a hannun 'yan tsiraru ya ɗora asara a kan jama'a ya saɓa mata tun daga tushe. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayanin yadda wannan ke karya tattalin arziki: idan mutane suka ga abin da suka tara ana iya raba su da shi da zalunci, sai zuciyarsu ta mutu, su janye hannu daga nema, kasuwa ta yi sanyi, harajin hukuma ma ya ragu.

Game da kai, idan asalin sana'ar kamfanin halal ce, albashinka a kan aikin halal da kake yi halal ne. Abin da bai halatta gare ka ba shi ne ka rubuta ko ka sa hannu a kan lissafin da ka san ba haka yake ba. Sa hannun akanta shaida ce, kuma Annabi (SAW) yana kishingiɗe ya tashi zaune da ya zo kan shaidar zur cikin manyan zunubai. Babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Ka fara da nasiha a rubuce ga wanda ke sama da kai, ka ajiye kwafi. In ba a ji ba ka kai ga kwamitin binciken kuɗi ko daraktoci. In akwai haɗari ga rayuka ko ana yaudarar masu zuba jari, kai rahoto ga hukuma ba annamimanci ba ne, malamai sun sa shi cikin wuraren da ambaton laifin mutum ya halatta, da sharaɗin ka faɗi abin da ka tabbatar kawai. In an tilasta maka sai ka sa hannu, ka ƙi, ka nemi canjin sashe ko wani aikin. Garaɓasar da ka san an lissafa ta a kan alƙaluman ƙarya kuma ba taka ba ce, ka mayar.

Hannun jarinka halal ne riƙe shi, kuma ka yi amfani da ƙuri'arka a taron masu jari. Sai dai ka kiyayi abu ɗaya: kada ka yi amfani da aibin da ka sani ta dalilin aikinka, wanda aka ɓoye wa jama'a, ka yi sauri ka sayar wa wanda bai sani ba. Ka jira har a bayyana gaskiyar lissafin, sannan ka sayar ko ka riƙe, ko da farashin ya sauka.

Wallahu a'alam.