Tambaya da Amsa: Kafin Ka Zuba Kuɗi a Kayan Fatsa

Ruwa ya fara ja, koguna na washewa, wasiƙun makon nan kuwa duk a kan fatsa suke.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kano, nakan je dam ɗin Tiga ran Asabar. Na ga Turawa a bidiyo suna kama kifi da ƙudan ƙarya na gashin tsuntsu, ba tana ba hanjin kaza. Wani a Instagram zai sayar mini da kayan gaba ɗaya a kan kusan rabin albashina. Tarwaɗa nake so. In saya?

Amsa: Malam, mayar da hannunka aljihu. A irin wannan fatsa ƙudan ba shi da nauyi, igiyar ce mai kauri take ɗaukarsa idan an wurga, shi ya sa dole lambar nauyin da ke jikin sanda ta dace da ta igiya. Kuma sai kifi ya ga ƙudan da idonsa. Ita kuwa tarwaɗa da gashin baki da ƙanshi take kiwo, a ƙasa, cikin laka, galibi da dare. Me za ta sansana a jikin gashin zabo? A Afirka ta Kudu akwai masu kama ta haka, suna buga ƙudan a kan ruwa har ta taso, amma sun daɗe suna koyon jifa. Kifin nan mai manyan ɓawo da ake cika nunawa a bidiyon, wanda Turawa ke kira kaf (carp), ba ɗan kogunanmu ba ne, kawo shi aka yi gonar kifi ta Panyam a Filato. Masu cafkar ƙuda a nan su ne karfasa da tsege da giwan ruwa, a ruwa garau na rani. Domin tsege da giwan ruwa Turawa ke biyan maƙudan kuɗi su je kogin Faro a Kamaru. In tarwaɗa ce burinka, sanda mai sauƙin kuɗi da hanjin kaza sun ishe ka, ragowar ka sayi masara.

Tambaya: Wane magani ake zubawa a tafki kifi ya taso da kansa? An ce mini gamalin.

Amsa: Guba ce. Takan kashe manya da ƙanana har da ƙwai, shanu su sha ruwan, 'ya'yan mutane su ci kifin. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana su da guba da nakiya da lantarki. Allah Ya sa Sarkin Ruwan garinku ya riga ni jin labarinka.

Tambaya: Na sayi igiya an rubuta kilo 20 a jikinta. A Yawuri ragon ruwa wanda bai kai kilo uku ba ya tsinke ta, ƙugiyar da ta rage mini kuma ta miƙe kamar allura. Laifina ne?

Amsa: Rabi naka, rabi na ɗan kasuwa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutum zai kashe dukiya a kan sanda mai sheƙi don a gani a bakin ruwa, in an zo kan igiya da ƙugiya, waɗanda su ne ke riƙe da kifin, sai ya ce a ba shi ta araha. Araha ba ta ado, balle ta fito da ragon ruwa. Rubutun jikin kwali kuma kowa na iya buga shi. Na taɓa sayen ƙunshi mai sunan wani kamfanin Japan, da na duba sai na ga ko sunan ba a rubuta daidai ba.

Gwajin ba wuya. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Ka cika jarka mai lita goma, ka ɗaura igiyar, ka ɗaga a hankali. Wadda ta ce kilo 20 ta tsinke a nan, ka san abin da aka sayar maka. Ka sa a ranka cewa ƙulli na rage ƙarfin kowace igiya, don haka ka jiƙa shi da miyau kafin ka ja. Kada ka sayi wadda aka shanya a gaban shago. Rana na cin nailan, ko na gaske ne. Ƙugiya kuwa ka goga tsininta a farcen babban yatsa: mai kyau takan kama, jabu ta zame. Ka matsa ta da filaya kaɗan, in ta buɗe ta ƙi komawa, ajiye musu abarsu. Mai shagon da ya hana ka gwada kamu ɗaya, ya san abin da ya taka. Kuma ku daina tura kuɗi ga wanda ba ku san shagonsa ba saboda hoto ya yi kyau. Ku tambayi masuntan da ke kafa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, inda suke saye. Wanda ke ciyar da iyali da ƙugiya ba ya sayen jabu sau biyu. Mai neman tsege kuma ya sa guntuwar waya kafin ƙugiya, don haƙoransa ba su bar igiyar kowa ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya dame ni sai na saya masa sandar fatsa. Gidanmu kusa da kogin Haɗeja yake, tsoro ya hana ni barci.

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, Allah Ya raya mana shi. Amma in kin hana, zai bi abokai a ɓoye, wannan ya fi haɗari. Ki sa a yanko masa gora, a ɗaura igiya da ƙaramar ƙugiya, a danne ƙayarta da filaya don in ta shiga yatsa ta fita da sauƙi. Kada ki saya masa doguwar sandar kanti da ake yi da kabon, tana ɗaukar lantarki in ta taɓa waya. Ya riƙa bin kawunsa ko wani babba da ya iya iyo, ya tsaya a kan tudu, banda lokacin da ruwa ya cika. In kin ga jini a fitsarinsa, mai yiwuwa tsargiya ce ta ruwan kwance, ki kai shi asibiti, maganinta na nan.